Takardun Norman Corwin da na abokan aikinsa: me mai bincike zai samu a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin aikin jarida ne, ina shirin rubuta kundin digiri na biyu a kan wasan kwaikwayon rediyo na Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, musamman ayyukan Norman Corwin. Na ji an ce takardunsa suna ajiye a wasu jami'o'i, haka ma na waɗanda ya yi aiki da su. Tunda ana samun wasanninsa a intanet a saurara, mene ne amfanin waɗannan takardu? Kuma tunda shi nake nazari, me ya haɗa ni da takardun abokan aikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Ka zaɓi mutumin da ya cancanci a ɓata masa lokaci, kuma tambayarka ta biyu ita ce ta fi muhimmanci, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Abin da kake kira wasan Corwin, a dare ɗaya aka yi shi, kai tsaye, da hannun mutane da yawa: 'yan wasa a gaban makirfo, makaɗa a gefe guda, masu haɗa sauti da ƙofofinsu da tiren tsakuwa, injiniya a kan na'ura, shi kuma yana bayan gilashi yana ba da umarni da hannu. Da an gama, wasan ya bi iska. Faifan da ya rage yana gaya maka abin da ya fita. Amma abin da aka yi niyya, da abin da aka yanke, da wanda ya sa aka yanke, da wanda ya kawo dabarar da ta fi burge ka, waɗannan sai a takarda. Takardun kuwa sun bi masu su. Kowa ya tafi da nasa gida, daga baya shi ko magadansa suka miƙa wa taskar adana takardun da suka ga dama. Akwatunan Corwin rabonsa ne kawai a cikin aikin.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda ya yi aiki, domin shi ya sa takardunsa suka bambanta da na sauran marubutan rediyo. An haife shi a Boston a 1910, ya fara da aikin jarida a jihar Massachusetts, sannan ya riƙa gabatar da shirin karanta rubutattun waƙoƙi a wata ƙaramar tasha ta New York mai suna WQXR. A nan William B. Lewis, mai kula da shirye-shiryen babbar tashar rediyo ta CBS, ya ji shi, ya ɗauke shi aiki a 1938. A wancan zamani yawancin shirye-shiryen da suka yi tashe kamfanonin talla ne ke shirya su, su ne kuma masu faɗa a ji. Amma akwai lokutan da tasha ba ta samu mai saye ba, sai ta cike su da shirin da ita kanta ta ɗauki nauyi. A irin wannan fili Corwin ya samu sakewa. A 1944, alal misali, an sa shirinsa daren Talata daidai lokacin da fitaccen ɗan barkwanci Bob Hope yake kan tashar NBC, lokacin da 'yan talla ba sa marmarin saye domin sun san inda jama'a suka karkata. Rashin mai talla ya ba shi damar zama marubuci, darakta, kuma furodusa duk shi kaɗai. A 1941 ya yi jerin da ake kira 26 by Corwin: mako ashirin da shida a jere, kowane mako sabon wasa, shi zai rubuta, ya zaɓi 'yan wasa, ya yi gwaji da su, ya fitar. Saboda haka a fayil ɗinsa za ka tarar da rubutun marubuci da alamomin darakta a kan shafi guda, abin da a wurin wasu yake rabe tsakanin mutum biyu ko uku.

Ga yadda shafin yake idan aka ajiye maka shi a tebur. An buga shi da tafireta, aka gurza kwafi da yawa don kowa ya samu. Sunan mai magana a hagu da manyan baƙaƙe, layuka da lamba a gefe don darakta ya ce a koma layi kaza ba sai an tsaya nema ba. Umarnin kiɗa da na sauti su ma da manyan baƙaƙe, sau da yawa an ja musu layi a ƙasa don kada ɗan wasa ya karanta su cikin kuskure. Wannan shi ne shafin kafin gwaji. Bayan gwaji sai ya canza kama. A gefe za ka ga lambobi da fensir, minti da daƙiƙa, wanda mai riƙe da agogo ya rubuta don a san inda ya kamata a kai a kowane shafi. Za ka ga an zagaye sakin layi guda an soke shi, ko an yi masa alamar cewa a yanke idan lokaci ya ƙure. Kwafin ɗan wasa yana da nasa alamomin dabam: inda zai numfasa, kalmar da zai danna, inda zai ja baya daga makirfo. Ba a ɗinke shafukan, domin ƙarar juya takarda tana shiga makirfo. Ɗan wasa yakan zame shafin da ya gama ya bar shi ya sauka ƙasa. Shi ya sa kwafin da aka yi aiki da shi a situdiyo yakan zo da shafi a ɓace ko a hargitse, kuma shi ne ya fi daraja a wurin mai bincike. Idan wasa na tafiya, darakta ya ɗora yatsa a kan hanci, ana kan lokaci. Ya riƙa juya yatsa, a hanzarta. Ya ja hannuwansa kamar mai miƙe igiya, a sassauta. Waɗannan ba sa shiga faifai, amma sakamakonsu yana nan: idan ka ji an tsallake layi uku da suke cikin rubutu, wataƙila a daren nan aka yanke su, agogo na gudu.

To ka ga ke nan wasa ɗaya yana iya samun siga huɗu ko biyar. Akwai daftarin farko, akwai wanda aka gurza, akwai kwafin darakta, akwai abin da ya fita a iska, sannan akwai wanda aka buga a littafi. Corwin yana cikin ƙalilan da aka buga wasanninsu na rediyo tun suna da zafi: Thirteen by Corwin ya fito a 1942, More by Corwin a 1944, kuma yakan bi kowane wasa da bayanin yadda aka shirya shi. Bayanan nan suna da amfani ƙwarai. Sai dai littafi don ido aka yi shi, kuma marubuci yana da damar gyara abin da bai gamsar da shi ba ko ya mayar da abin da agogo ya cinye. Kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai shi ne su ɗauko jimla daga littafi su ce abin da Amurkawa suka ji ke nan a daren kaza. Kada ka faɗi haka sai ka ji jimlar da kunnenka a faifan wannan daren.

Shi kansa faifan yana bukatar a bincike shi. Manyan tashoshi irin su CBS da NBC sun hana watsa shirin da aka naɗa tun da farko, har zuwa ƙarshen shekarun 1940. Naɗin da ake yi don ajiya ne, ko don wata tasha ta jinkirta shiri. Ana yanka sautin a kan babban faifai mai faɗin inci 16, kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti 15, don haka wasan rabin awa fuska biyu ne, na awa guda fuska huɗu. Asali ƙashin faifan na alminiyam ne da aka shafe da wani irin lak. Da yaƙi ya zo aka kwashe alminiyam don ƙera jiragen sama, sai aka koma yin su da gilashi. Wato dai shekarun da Corwin ya fi yin fice su ne shekarun da faifai ya fi saurin fashewa. Lak ɗin kuma yana tsufa: yakan fitar da wani farin gari a fuska, daga baya ya tsattsage ya ɓare daga jikin faifan. Yanzu akwai na'ura mai suna IRENE, da Carl Haber da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a ɗakin gwajin kimiyya na Berkeley, wadda take ɗaukar hoton layukan faifai ta mayar da su sauti ba tare da allura ta taɓa shi ba, har a faifan da ya fashe. Amma abin da yake yawo a intanet galibi ta hannun masu sha'awar tara tsofaffin shirye-shirye ya biyo, daga faifai zuwa tef, daga tef zuwa kaset, daga kaset zuwa kwamfuta. A hanya gudun sauti yakan canza, a yanke sanarwar farko, ko a rasa 'yan daƙiƙoƙi a mahaɗar fuska biyu, ko a liƙa masa ranar da ba tasa ba. Ɗauki On a Note of Triumph, wasansa mafi suna, wanda aka watsa ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da aka yi shelar nasara a kan Jamus, Martin Gabel yana jan bayani. An sake yin shi ranar 13 ga Mayu, an buga shi a littafi, an kuma fitar da shi a faifan sayarwa. Idan ka sauke shi daga intanet, tambayar farko ita ce: wanne ne wannan? Takardun tasha da na taska ne za su warware maka.

Yanzu ga abokan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wasan Corwin hannun da ya fi nauyi bayan nasa shi ne na mai tsara kiɗa. Bernard Herrmann, wanda ya shiga CBS a 1934, daga baya ya yi suna a fina-finan Orson Welles da Alfred Hitchcock, shi ya yi kiɗan On a Note of Triumph da na We Hold These Truths. A rediyo babu labule, babu fitila, babu canjin wuri da ido zai gani. Kiɗa ne yake gaya wa mai sauraro cewa an bar London an koma filin daga, ko cewa shekara goma ta wuce. A rubutun Corwin abin da za ka gani wataƙila layi ɗaya ne, yana neman kiɗa mai kaza ya shigo ya lafa a ƙarƙashin magana. Yadda aka cika wannan layi, da waɗanne kayan kiɗa, na daƙiƙa nawa, a kan wace kalma ya tashi, duk yana cikin rubutaccen kiɗan Herrmann, inda yakan zo da kalmar da za a jira kafin a shigo. Takardun Herrmann suna Jami'ar California ta Santa Barbara. Abin daɗi shi ne, babban tarin takardun Corwin da ya daɗe a taskar rediyo ta ɗakin karatu na garin Thousand Oaks an mayar da shi wannan jami'a a 'yan shekarun baya, don haka mutum biyun sun koma ƙarƙashin rufi ɗaya. Akwai kuma wani tarin takardun Corwin a Jami'ar Syracuse da ke jihar New York. Wanda ya duba ɗaya ya bar ɗaya bai gama ba.

Takardun abokan aiki su ne kuma suke gyara maganar wa ya yi me. A 1940 Corwin ya yi wani wasan barkwanci mai suna My Client Curley, labarin wata tsutsa mai rawa da ta zama tauraruwa. Ana lissafa shi cikin wasanninsa, kuma shi ya mayar da shi wasan rediyo. Amma labarin na Lucille Fletcher ne, wadda ta fara a CBS a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar ofis, ta auri Herrmann, daga baya ta rubuta Sorry, Wrong Number, ɗaya daga cikin wasannin rediyo mafi shahara a Amurka. Idan daga bakin Corwin kawai kake ɗaukar tarihi, za ta zo maka a matsayin suna a gefen shafi, alhali marubuciya ce mai zaman kanta.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne An American in England, na 1942, domin babu inda warwatsuwar takardu ta fito fili kamarsa. CBS ta tura Corwin Ingila ya nuna wa Amurkawa yadda talakan Birtaniya yake rayuwa cikin yaƙi: rabon abinci da kati, duhun dare saboda jiragen Jamus, mata a masana'anta. Edward R. Murrow, wakilin CBS a London, shi ne abokin shirya shi. BBC ta ba da situdiyo da ma'aikata. Joseph Julian ya fito a matsayin Ba'amurken da yake yawo yana gani. Kiɗan kuma Benjamin Britten ya rubuta, wanda bai daɗe da komowa daga Amurka ba, kuma mutum ne da ya ƙi shiga soja saboda aƙidarsa ta ƙin yaƙi. Ƙungiyar makaɗan sojan sama ta Birtaniya ce ta kaɗa. Ana yin wasan a London cikin tsakar dare don ya riski Amurkawa da maraice, ana tura shi ta gajeren zango ya tsallaka Tekun Atlantika. Wanda ya saba kama tashoshin waje ta gajeren zango ya san halinsa: murya ta zo, ta tafi, shuu ya rufe ta. Haka ya faru da wasu daga cikin shirye-shirye shida da aka yi daga London, shi ya sa Corwin ya koma New York ya ƙarasa jerin a watan Disamba daga situdiyon gida.

To duba inda shaidun wannan shiri ɗaya suke. Rubutun wasa da wasiƙun Corwin suna Amurka a taskokin da na ambata. Takardun Murrow suna Jami'ar Tufts kusa da Boston. Takardun cikin gida na BBC, irin su wasiƙun da ma'aikata suke aika wa juna, da kwantiragi, da maganar tace labarai ta lokacin yaƙi, wurinsu cibiyar adana takardun BBC da ke Caversham kusa da Reading. Kayan Britten suna gidansa na Aldeburgh, wanda aka mayar taska. Julian kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa a rediyo. Kowannensu yana riƙe da ɓangaren da sauran ba su da shi. Kuma a nan za ka ga abin da akwatin Corwin ba zai taɓa nuna maka ba: a wajen wannan aiki ne Britten ya ji busar ƙahon wani matashi a cikin makaɗan sojan sama, Dennis Brain, ya riƙa rubuta masa wurare na musamman a kiɗan shirin, kuma daga wannan haɗuwa aka samu shahararren kiɗan da Britten ya rubuta a 1943 don muryar mawaƙi da ƙaho da kayan goge. Shirin da sautinsa ya sha wahala a teku ya haifi abin da har yau ake kaɗawa. Ni a ganina ɗalibin da ya bi wannan jeri shi kaɗai da kyau ya fi wanda ya yi ƙoƙarin tattare rayuwar Corwin duka a kundi ɗaya.

We Hold These Truths kuma yana kai ka ga takardun gwamnati. An shirya shi don cikar shekara 150 da amincewa da gyare-gyare goma na farko na tsarin mulkin Amurka, waɗanda suka tanadi 'yancin ɗan ƙasa. Bukatar ta fito ne daga wani ofishin yaɗa bayanai na gwamnati da marubucin waƙoƙi Archibald MacLeish yake shugabanta, inda Lewis, tsohon maigidan Corwin, ya koma aiki. Corwin yana cikin jirgin ƙasa zuwa California, yana kan rubutu, labarin harin da Japan ta kai wa sansanin sojan Amurka na Pearl Harbor ya riske shi. Kwana takwas bayan harin, ranar 15 ga Disamba 1941, aka watsa shirin a dukkan manyan tashoshi huɗu lokaci guda, da James Stewart, Orson Welles, Lionel Barrymore, Edward G. Robinson da sauransu, Shugaba Roosevelt ya yi jawabi a ƙarshe. Tambayar da ta dace da mai bincike ita ce: me ya canza a rubutun tsakanin 7 da 15 ga wata? Wasan da aka fara cikin zaman lafiya ya fita cikin yaƙi. Amsar tana tsakanin daftarorin Corwin da fayilolin wancan ofishi a taskar ƙasa ta Amurka. Takardun Welles kuma, in kana son ganin ɓangarensa, babban kasonsu yana ɗakin karatu na Lilly a Jami'ar Indiana, wani kason a Jami'ar Michigan.

A nan zan ja kunnenka a kan wani adadi. Duk inda ka karanta za ka ga an ce mutum kusan miliyan 60 suka saurari wannan shiri, haka ma On a Note of Triumph. Ka rubuta shi a matsayin ƙiyasi, domin haka yake. Kamfanonin auna masu sauraro na lokacin waya suke buga wa wasu gidaje a wasu birane, su tambaya, sannan su ninka. Gidan da ba shi da tarho ba ya cikin lissafi. Adadin yana nuna cewa taron ya yi girma matuƙa, amma ba ƙidaya ba ce.

Wasiƙu suna da wata ƙa'ida da sabon mai bincike yakan manta. Wasiƙar da mutum ya rubuta tana akwatin wanda ya karɓa. A akwatinsa shi, wasiƙun mutane ne zuwa gare shi, sai in ya ajiye kwafin kabon. Corwin mai ajiya ne, har an buga zaɓaɓɓun wasiƙunsa a 1994. Amma abin da mutane suke faɗa a kansa a bayan idonsa ba zai taɓa shiga akwatinsa ba, kuma a nan labarin faɗuwar tauraronsa yake. A 1946 ya samu kyautar One World, wadda aka kafa don tunawa da ɗan siyasar Amurka Wendell Willkie, ya zagaya ƙasashe 16 cikin wata huɗu tare da Lee Bland na CBS, suna ɗauke da na'urar naɗar murya a kan siririyar wayar ƙarfe. Wayar nan takan tsinke ko ta cukurkuɗe, a ƙulla ta da hannu a ci gaba. Sun naɗo muryoyin shugabanni irin su Clement Attlee na Birtaniya da Jawaharlal Nehru na Indiya, da na talakawa a titi, aka yi shiri 13 da su a 1947. Bayan nan iska ta juya. CBS ta shiga gasar farautar taurari da kuɗin talla, talabijin na tahowa, kuma kwantiragin da aka miƙa masa ya nemi rabin abin da ayyukansa za su samar a wajen rediyo. Ya bar tashar, ya koma rediyon Majalisar Ɗinkin Duniya a 1949, inda ya yi Document A/777 a 1950 a kan sanarwar haƙƙin ɗan'adam. A shekarar nan ta 1950 aka fitar da Red Channels, ɗan littafin da ya jera mutum 151 na rediyo da talabijin da ake zargi da kusanci da kwaminisanci. Sunan Corwin yana ciki, haka na Welles, Robinson da Julian. Julian ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba. Me ya fi tasiri wajen raba Corwin da babban fili, kasuwa ko siyasa? Ba za ka amsa wannan daga wasiƙunsa kaɗai ba. Sai ka haɗa da takardun manajoji, da bayanan kotu, da fayilolin hukumomin tsaro da doka ta ba da damar nema, da abin da ya samu abokan aikinsa da ba su da sunan da zai kare su kamar nasa.

Akwai kuma batun tsawon rai. Corwin ya rasu a 2011 yana da shekara 101. Ya koyar a Jami'ar Kudancin California har cikin tsufansa, ya yi hira da 'yan jarida ba adadi, kuma fim ɗin da aka yi a kansa ya ci kyautar Oscar a 2006. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma shi gwanin ba da labari ne. Amma labarin da aka maimaita shekara sittin yakan yi sumul, gefunansa su goge. Mafi yawan waɗanda za su ce ba haka aka yi ba sun riga shi tafiya da shekaru masu yawa: Murrow a 1965, Herrmann a 1975, Britten a 1976, Welles a 1985. Ba zargin ƙarya nake masa ba, ko kusa. Ina nufin idan hirar da ya yi a tsufansa ta saɓa da takardar da aka rubuta a makon da abin ya faru, ka ba takardar gaba, sannan ka tambayi dalilin saɓanin. Littafin da ya riƙa rubuta abubuwan yau da kullum a tafiyar 1946, wanda aka buga a 2009, yana da daraja saboda wannan: a kan hanya aka rubuta shi, kafin ya san yadda abubuwa za su ƙare.

Abin da yake ci mini rai a wannan fanni shi ne waɗanda ba su da akwati ko ɗaya. Jami'o'i suna neman takardun masu suna. Injiniyan da ya haɗa muryoyi daga birane uku ba tare da kuskure ba, da mai buga tafireta da ta kwana tana sake buga shafukan da aka canza, da mai haɗa sauti, da wuya a samu wanda ya nemi takardunsu. Ora Nichols, matar da ta shugabanci sashen haɗa sauti na CBS a shekarun 1930, an san sunanta. Da yawa irinta sai dai ka tsince su a takardar biyan kuɗi, ko a jerin ma'aikatan shiri, ko a rubutun fensir a gefen shafi da ba hannun Corwin ba. In ka ci karo da irin wannan suna, ka rubuta shi a kundinka.

Game da yadda za ka yi daga nesa, abin ya fi sauƙi fiye da yadda kake zato. Kowace taska tana da jagorar da ta jera abin da ke cikin tarin, akwati bayan akwati, fayil bayan fayil, kuma na Syracuse da na jami'o'in California ana karanta su kyauta a intanet. Ka zauna da jagorar kafin ka rubuta wa kowa. Sannan ka aika wa ma'aikatan taska imel gajere: ga ni, ga abin da nake bincike, ina bukatar akwati kaza fayil kaza. Wanda ya ce a turo masa duk abin da ake da shi a kan Corwin ba zai samu biyan bukata ba; wanda ya nemi kwafin darakta na wasa ɗaya da wasiƙun wata uku, galibi za a ɗaukar masa hoto a turo, wani lokaci da ɗan kuɗi. Wasu taskokin suna da ƙaramin tallafin tafiya ga masu bincike, ka tambaya. Ka sani kuma mallakar takarda dabam, haƙƙin abin da aka rubuta a kanta dabam: jami'a tana iya ba ka hoto don nazari, amma izinin bugawa yana hannun magada ko tashar.

Shawarata ita ce ka ɗauki wasa ɗaya ko jeri ɗaya. Ka samu faifansa, ka tabbatar da ranarsa. Ka samu rubutun da aka yi aiki da shi a situdiyo, da sigar littafi in akwai. Ka sa abin sauraro a kunne, rubutu a gabanka, fensir a hannu, ka bi layi bayan layi kana alamta duk inda suka rabu: kalmar da aka sauya, layin da aka tsallake, inda kiɗa ya shigo kafin lokacinsa, inda ɗan wasa ya yi shirun da ba a rubuta ba. Kowane saɓani tambaya ce, kuma ita za ta gaya maka akwatin wa za ka nema na gaba. Duk abin da ka ɗauko, ka rubuta sunan taska da lambar akwati da ta fayil nan take a jikin hoton, domin bayan wata shida shafukan da aka gurza duk kama ɗaya za su yi maka. In ka tsayar da wasan da za ka ɗauka, ka sanar da ni, sai mu duba jagororin tare mu fitar da fayilolin da za ka fara nema.